Hunturun farko a Buffalo: zama da dusar ƙanƙara da kwashe ta a ƙofar gida

"Assalamu alaikum Malam. Na zo Amurka da iyalina a watan Agusta, muna zaune a Cheektowaga kusa da birnin Buffalo a jihar New York. Mun kama hayar ƙasan wani gida mai hawa biyu, kuma a takardar haya an rubuta cewa kwashe dusar ƙanƙara a wuyana yake. Ban taɓa ganin dusar da idona ba. Shekaruna 47, ina shan maganin hawan jini, ƙaramar 'yata kuma tana da sikila. Maƙwabta sai tsorata ni suke yi da labarin abin da ya faru a 2022. Me zan saya, yaya ake kwashewar, kuma idan babbar guguwa ta zo me zan yi?"

Wa alaikumus salam Malam, barka da zuwa, Allah ya sa an zo a sa'a. Sana'ata kula da gidajen haya ce a wannan yanki, gyaran famfo da na'urar ɗumama gida da kwashe dusa, kuma na daɗe ina yi, don haka tambayarka ta faɗo inda na sani. Idan na fahimce ka, kana neman sanin kayan aiki, da yadda ake aikin, da yadda iyali za su kai labari idan gari ya rufe. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hawan jininka da sikilar yarinya. Su ne za su sa amsarka ta bambanta da wadda zan ba saurayi ɗan shekara 25.

Maƙwabtanka gaskiya suka faɗa maka. Guguwar da ta fara ranar Juma'a 23 ga Disamba 2022 ta yi ajalin mutum fiye da 40 a yankin nan. Sai dai idan ka bi yadda aka rasa rayukan za ka ga hanyoyin ba su da yawa. Wasu an tsince su a waje ko cikin motar da ta maƙale, wasu zuciyarsu ce ta tsaya suna kwashe dusa, wasu sanyi ya same su a gidan da wuta ta ɗauke, wasu motar asibiti ta kasa isa gare su, akwai kuma wanda hayaƙi ya kashe saboda dusa ta toshe bututun na'urar ɗumama gidansa. Kowace daga cikin hanyoyin nan akwai abin da magidanci zai iya yi a kanta tun kafin ranar ta zo. Tsaftar ƙofar gida tana bayan waɗannan.

Dalilin da dusar nan ta fita daban

Buffalo tana zaune a ƙarshen gabas na tafkin Erie. A watan Nuwamba da Disamba ruwan tafkin yana riƙe da ɗumin da ya tara tun bazara, sai iska mai tsananin sanyi ta taso daga Kanada ta bi ta kansa. Iskar ta kwashi ɗumi da laima, gajimare ya haɗu, da ta hau tudu sai ta sauke kayanta. Idan iskar ta biyo tsawon tafkin daga kudu maso yamma, tana da tafiyar kilomita ɗaruruwa a kan ruwa, to a ranar ne ake shan wuya. Dusar tana zuwa ne a siririn layi, kamar yadda ruwan damina kan jiƙa unguwa ɗaya sharkaf ya bar ta kusa da ita da ƙura. Mutumin Amherst a arewa da birnin yana iya ganin rana, na Hamburg ko Orchard Park a kudu da shi yana haƙa hanya daga ƙofar ɗakinsa. A Nuwamba 2014 wasu garuruwan kudu da gabashin birnin sun sami kusan ƙafa 7, sama da mita 2, cikin 'yan kwanaki, rufin gidaje da dama ya rufta. A Nuwamba 2022 Hamburg da Orchard Park sun sami wajen inci 80. Duka shekarun biyu sai da aka ɗauke wasan ƙungiyar ƙwallon Buffalo Bills aka kai Detroit.

Garinku yana bakin wannan layi. Idan ya ɗan karkato arewa ya same ku, idan ya sauka kudu ya bar ku. Filin jirgin saman Buffalo a Cheektowaga yake, a nan ake auna dusar birnin, kuma matsakaicin abin da ke sauka a shekara ya kai wajen inci 95, kusan mita 2.4. Erie shi ne mafi ƙarancin zurfi a manyan tafkuna biyar na Arewacin Amurka, don haka a shekaru da yawa yakan daskare a Janairu ko Fabrairu, kuma da ya daskare sai irin wannan dusar ta yi sauƙi. Abin nufi, farkon hunturu ne ya fi haɗari, kuma shiri a watan Oktoba ake gama shi.

Ka saba da ma'aunin da za ka riƙa ji a labarin yanayi. Inci 12 ƙafa 1 ne, wajen santimita 30. Digiri 32 a ma'aunin Faranhait shi ne sifili a Salsiyas, inda ruwa ke daskarewa, sifilin Faranhait kuwa kusan 18 ƙasa da sifili ne. Cikin sanarwar hukumar yanayi ta ƙasa akwai manya guda biyu, ta farko ta a zauna cikin shiri, ta biyu gargaɗi cewa abin ya iso ko yana dab. Ba ta kiran abu cikakkiyar guguwar dusa sai iska ta kai mil 35 a awa, ganin gaba ya gaza mita 400, kuma hakan ya ɗauki awa 3 ko fiye. Ka lura cewa yawan dusa ba ya cikin sharaɗin. Iska ce take makantar da mutum har ya ɓace tsakanin motarsa da ƙofar gidansa.

Hayaƙin da ba a gani

Da wannan nake farawa da duk ɗan'uwanmu da ya zo sabo, domin a nan ne al'adarmu take iya cutar da mu. Mun taso idan hunturu ya yi tsanani ana shigo da kaskon garwashi ɗaki a ji ɗumi. Gidajen nan an liƙe su ne don kada iska ta shiga ko ta fita. Gawayi, risho, murhun gas, janareta, injin mota, duk suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da jin barci, kuma mai barci ba ya farkawa ya gane. Duk wanda ya zauna a Najeriya ya ji labarin iyalin da suka kwana da janareta a cikin gida aka wayi gari babu su. Iskar ke nan. Idan kowa a gidan ya kama ciwon kai lokaci guda, kuma ya ji sauƙi da ya fita waje, a fice a kira 911, lambar neman agajin gaggawa, a bar bincike ga 'yan kwana-kwana.

Tun 2010 dokar jihar New York ta wajabta sanya na'urar da ke ƙara idan ta shaƙi wannan iska a gidajen zama. Yau ɗin nan ka duba ko akwai ta kusa da ɗakunan barci, ka danna maɓallin gwaji, idan babu ko ta mutu ka rubuta wa mai gidan. Ga kuma wani abu da nake yawan tararwa a gidajen mutanenmu: uwargida ta sa turaren wuta, na'urar hayaƙi ta yi ta ihu, sai a cire batir a jefa a durowa a manta. Ina roƙonka kada a yi haka a gidanka. A sayi kaskon turare na lantarki, a rage yawan turaren, batir ya zauna inda yake.

Sannan ka zagaya gidan tun ƙasa tana bushe, ka nemo inda na'urar ɗumama gida take numfashi. Tsofaffin na'urori ta bututun saman rufi suke fitar da hayaƙi. Sababbi kuwa galibi suna da farin bututun roba ɗaya ko biyu da ke fitowa ta jikin bango, wani lokaci ƙafa ɗaya ko biyu kacal daga ƙasa. Dusa mai tsawon gwiwa ta isa ta rufe su, balle iska ta tara ta a jikin bangon. Idan sun toshe, ko dai na'urar ta kashe kanta ku kwana cikin sanyi, ko hayaƙin ya dawo ciki. Ka kafa doguwar sanda a gefensu don ka gane wurin idan komai ya zama fari. Haka za ka yi wa mitar gas da bututun injin busar da kaya. Mitar gas da tsintsiya ko hannu ake share ta, ba a dukanta da shebur. A kowace guguwa waɗannan wurare ne aikin farko, kafin matakala, kafin mota.

Kayan aiki da yadda ake yi

Shebur biyu kake bukata. Ɗaya mai faɗin baki, na turawa, ɗaya ƙarami mai zurfi, na ɗagawa. Sabon zuwa yakan zaɓi mafi girma a kanti don ya gama da wuri, alhali girman shebur shi ne girman nauyin da bayansa da zuciyarsa za su ɗauka a kowace ɗiba. Ka ɗauki ƙarami, mara nauyi, mai lanƙwasasshiyar ƙota idan ka samu. Ɗaya daga cikinsu ya kwana a cikin gida bayan ƙofa, domin shebur ɗin da ke gareji ba shi da amfani ranar da dusa ta kai rabin ƙofa. Ka ƙara da ƙarfen sarar ƙanƙara mai doguwar ƙota, da buroshin share mota mai makankari, da buhun yashi, da gishiri.

Gishirin kala-kala ne. Na dutse, mai araha, yana aiki sosai har wajen digiri 9 ƙasa da sifili a Salsiyas, daga nan sai ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Idan sanyi ya wuce haka sai kalsiyam kulorayid, wanda ke narkar da ƙanƙara har kusa da 30 ƙasa da sifili, amma ya fi tsada. A jikin buhu ana rubuta iyakar sanyin da kowanne ke jurewa. Gishiri ba ya maye gurbin shebur. Ana share dusa tukun, a barbaɗa shi sama-sama don abin da ya rage kada ya kama ƙasa. Yawansa yana cin siminti, musamman wanda bai shekara da zubawa ba, yana ƙone ciyawa, don haka ka tambayi mai gidan wanda ya yarda a yi amfani da shi. Yashi ba ya narkar da komai, amma yana hana santsi, kuma a ranar tsananin sanyi ya fi gishirin dutse amfani.

Dusa iri biyu ce a hannun mai shebur. Wadda ta sauka cikin tsananin sanyi busasshiya ce, ba nauyi, ana iya share ta da tsintsiya idan ba ta da yawa. Wadda ta sauka ana dab da sifili jiƙaƙƙiya ce, tana iya ninka waccan nauyi sau uku ko fiye, cikin shebur ɗaya ya kai kilo 7. Ka lissafa ɗiba goma a minti ɗaya, na minti goma, ka ga mutum ya ɗaga kilo 700 bai sani ba. Dusar Nuwamba sau da yawa irin wannan ce. Idan tana manne wa shebur, ka shafa masa ɗan man girki.

Babbar dabarar aikin ita ce kada a jira ta gama sauka. Idan babu iska mai haɗari, ka fita duk sanda ta kai inci 3 ko 4, ka ture ta, ka koma ciki. Fita uku ta minti goma sha biyar ta fi fita ɗaya ta awa biyu sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma ka share kafin a taka ko mota ta bi ta kai, domin dusar da aka danne takan zama ƙanƙara ta kwana biyu tana jiran ƙafar wani. Ka fara da buɗe layi ɗaya a tsakiyar hanyar mota, wato wadda ta taso daga titi zuwa gidan, sannan ka riƙa turawa daga tsakiya zuwa gefe, hagu da dama. Inda dole sai an ɗaga, ka durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, shebur kusa da jiki, ka juya da ƙafafunka gaba ɗaya zuwa inda za ka zubar. Murɗa ƙugu da jifa ta bayan kafaɗa su ne ke kwantar da mutane. Idan ta riga ta yi zurfi, a yanka ta hawa-hawa daga sama. Farkon hunturu ka riƙa kai dusar nesa da bakin hanya, domin zuwa Fabrairu tarin zai fi ƙarfin jifa idan ka fara tara shi kusa. Ka kuma bi bayan iska wajen zubarwa.

Akwai abin da zai ɓata maka rai, gara ka sani tun yanzu. Ka gama share hanyarka tas, motar share titi ta wuce ta toshe bakin hanyar da tudun dusa mai haɗe da gishiri da dunƙulen ƙanƙara. Direban ba da gayya ya yi ba, bakin motarsa gefen dama yake turawa. Wannan tudu shi ne mafi nauyi a duk aikin, kuma idan ya kwana sai ya sandare. Ana rage shi da dabara: idan ka tsaya a gidanka kana fuskantar titi, motar daga hagunka take zuwa, don haka ka tara dusarka a dama, ka kuma share ɗan fili a bakin titi ta hagu don motar ta sauke kayanta a can kafin ta iso ƙofarka. Zuba dusa a kan titi laifi ne, ana cin tara a kai. Hanyar masu tafiya a ƙasa da ke gaban gida ita ma tana cikin aikin, da hanyar ɗan wasiƙa, kuma idan akwai famfon 'yan kwana-kwana kusa da ku a share masa wajen mita ɗaya ta kowane gefe. Ka sake karanta takardar hayar ka ga ko ta fayyace wane yanki ne naka, wane ne na mutanen sama. Idan ba ta fayyace ba, ku zauna ku raba tun kafin dusar farko, a rubuta.

Maganar zuciyarka

Ni ba likita ba ne, kuma ina so ka kai wannan magana gaban likitanka kafin Nuwamba, ka tambaye shi kai tsaye ko ya yarda ka riƙe shebur. Abin da aka sani shi ne sanyi yana tsuke jijiyoyin jini ya ɗaga hawan jini, aikin hannu a tsaye yana wahalar da zuciya fiye da aikin ƙafa, kuma mai ɗaga nauyi yakan riƙe numfashi bai sani ba. Wani bincike na lardin Quebec a Kanada da aka wallafa a 2017, wanda ya duba bayanan fiye da shekara 30, ya gano cewa ciwon zuciya na farat ɗaya yana ƙaruwa a tsakanin maza washegarin dusa mai yawa. Mu kuma muna da ɗabi'ar idar da sallar asuba mu zarce waje don a buɗe hanya kafin lokacin aiki. Sanyin safiya, jiki bai warware ba, ga gaggawa, wannan haɗin ba shi da kyau ga mai hawan jini. Ka motsa jiki a ɗaki na 'yan mintuna, ka rufe baki da hanci da mayafi, kada ka fita bayan cin abinci mai nauyi, waya tana aljihunka, uwargida ta san kana waje. Idan ka ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwo yana bin hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya ƙi isa, ko gumi mai sanyi ya keto, ka ajiye shebur a kira 911. Kada ka ce bari in ƙarasa ɗan abin da ya rage, kada kuma ka tuƙa kanka asibiti.

Ra'ayina, idan aljihu zai ɗauka, ka ba da kwangilar hanyar mota ga masu turawa da a-kori-kura, ku raba kuɗin da mutanen sama, kai ka tsaya a matakala da bututai da mita. Ana ƙulla irin wannan yarjejeniya a Satumba ko Oktoba, bayan dusar farko da wuya ka sami mai sauran gurbi. Ka tambaye shi dusa inci nawa za ta kai kafin ya zo, ko zai dawo ya buɗe bakin hanya bayan motar titi ta wuce, ko hanyar masu ƙafa tana ciki, da abin da zai faru idan dusar ta fi ƙarfin motarsa sai an kawo katafila. A nan ne rigima takan tashi. Idan kuma injin watsa dusa za ka saya, ƙarami mai hawa ɗaya, wato mai majuyi ɗaya da ke ɗiba ya watsa, yana isa dusar inci 6 zuwa 8, amma tudun bakin titi sai babba mai hawa biyu, mai majuyin ɗiba da fankar watsawa daban. Doka ɗaya tak ba a karya ta: idan bakinsa ya toshe, a kashe shi a zungure da sanda. Ko a kashe yake, fankar cikinsa tana iya juyawa da zarar abin da ya riƙe ta ya saki, kuma kowace shekara mutane suna rasa yatsu ta haka. Ba a tayar da shi a cikin gareji a rufe.

Idan babbar ta zo

Irin wannan guguwa ba ta zuwa ba sanarwa, ana yin kwanaki ana faɗa. Da ka ji sanarwar farko, ka cika tankin mota, ka tanadi abinci da ruwan kwana uku zuwa biyar, har da abin da ba ya bukatar dahuwa, da tocila, da batir, da abin cajin waya. Maganinka da na yarinya kada su gaza na mako biyu. Idan gundumar Erie, wadda Buffalo da Cheektowaga ke cikinta, ta hana tuƙi, an hana ke nan. A 2022 hanin ya kai kusan kwana shida a cikin birnin, kuma motocin da suka maƙale a tituna suna cikin abin da ya tare hanyar masu ceto. Babu aikin da ya kai ranka, kuma idan ranar Juma'a ce ko lokacin jam'i, addini ya ba da rangwamen yin salla a gida a irin wannan hali. Idan ƙaddara ta ritsa da kai a mota, ka zauna a cikinta. Ka fita ka share bakin salansa, ka kunna injin wajen minti goma a kowace awa, gilashi a ɗan buɗe. Haka ma a ƙofar gida, ba a saka yara a mota a kunna don su ji ɗumi alhali bayanta yana binne.

Ko da na'urarku da gas take aiki, tana bukatar lantarki, don haka idan wuta ta ɗauke ɗumi ya tafi. Ku tattaru a ɗaki ɗaya mai ƙarancin tagogi, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a rataya bargo a taga, kowa da hula da safa, a kwana kusa da juna. Ba a kunna murhun girki ko tanda don ɗumama ɗaki, ba a shigo da gawayi. Janareta a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba. A bar famfo yana ɗiga a hankali, a buɗe ƙofofin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kuma ka san inda makunnin ruwan gidan gaba ɗaya yake, galibi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa kusa da mita. Bututun da ya daskare da na'urar busar da gashi ake narkar da shi, ba da harshen wuta ba. Lambar 211 tana faɗa maka wuraren fakewa masu ɗumi da ke buɗe. A ranakun da ba na guguwa ba kuwa, ƙa'idar jihar ta ɗora wa mai gidan da ke ba da ɗumi ya riƙe ɗakuna a digiri 68 na Faranhait, wato 20 na Salsiyas, daga 15 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu. Idan kai ke biyan kuɗin gas kuma ya yi maka nauyi, ka bincika ko ka cancanci tallafin HEAP, wato tallafin gwamnati na biyan kuɗin ɗumama gida.

Yarinya kuwa, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, kuma iskar cikin gida a hunturu busasshiya ce, yaro ba ya jin ƙishi alhali jikinsa yana bukata. A riƙa ba ta ruwa a kai a kai. A sa mata kaya hawa-hawa, na jikin fata kada ya zama auduga, domin auduga tana riƙe gumi ta yi sanyi. Idan safarta ko rigarta ta jiƙe a canja nan take. Za ta so wasa da dusa kamar sauran yara, likitanta ne zai faɗi iyakar da za ta iya. Ku tambaye shi tun yanzu abin da za ku yi idan ciwo ko zazzaɓi ya taso tituna a rufe. Zazzaɓin da ya kai digiri 38.3 na Salsiyas, wato 101 na Faranhait, ga yaro mai sikila maganar asibiti ce ta gaggawa. Idan an yi hasashen guguwa gobe kuma yau jikinta ba daidai yake ba, yau za ku kira asibiti. Yaran duka a hana su haƙa rami ko ɓuya a tarin dusar bakin titi, direban motar share titi ba ya ganinsu. Yatsan da ya yi fari ko ya mutu da sanyi ba a murza shi, ba a kanga shi a wuta, a ruwa mai ɗumi-ɗumi ake tsoma shi a nemi likita.

Rufi da lokacin narkewa

Rufin gida haƙƙin mai gida ne, kai dai kada ka hau. Idan dusa ta yi yawa a sama, akwai manjagara mai doguwar ƙota da ake janyo ta da ita daga ƙasa, nesa da wayoyin lantarki. Ƙofofin cikin gida da suka fara cijewa, sabuwar tsaga a silin, ko ƙarar katako, alamu ne na nauyi ya yi yawa, a fita a kira taimako. Idan ka ga ƙanƙara ta yi kauri a bakin rufi da tsinin ƙanƙara suna reto, ɗumin gida ne yake narkar da dusar sama ruwan ya daskare a baki, daga nan ya koma ƙarƙashin rufi ya ɗigo ta bango. Ka ɗauki hoto ka tura wa mai gidan, ka hana yara bi ta ƙarƙashi. Sanina na gidajen katakon wannan yanki ne, hukuncin ƙarfin wani rufi sai wanda ya hau ya duba.

Bayan babbar dusa sau da yawa ɗumi yakan biyo baya cikin 'yan kwanaki, kamar yadda ya faru a Nuwamba 2014 da ƙarshen Disamba 2022. Ruwan narkewa yana neman ɗakin ƙarƙashin ƙasa, don haka ka janye dusa daga jikin bango da tagogin ƙasa, ka buɗe bakin indararo da magudanar titi da ke gaban gidan, ka ɗage kaya masu daraja daga daɓen ƙasa. Abin da ya narke da rana yakan daskare da dare ya zama siririyar ƙanƙara da ido ba ya gani a kan matakala da kwalta. Da yamma ake barbaɗa yashi da gishiri saboda ita, kuma da safe a fita da takalmi mai ƙasan roba mai tsaga, taku gajere, hannu a waje da aljihu, ɗaya a kan ƙarfen matakala.